Garin da Ruwa Ke Bin Tsakiyar Hanya

A gidanmu na unguwar Nuzla, a Jidda, abin da ake fara tambaya da safe shi ne ruwa. Umma takan murɗa famfon kicin tun kafin ta ɗora shayi. In ya yi tari sau biyu ya kawo, to ranar wanki ce. In ya yi shiru, sai a leƙa tankin da ke saman bene, a soma maganar kiran wayit, motar nan mai kawo ruwa, wadda direbanta kullum sai ya yi mita kafin ya yarda ya shigo lungunmu saboda ƙunci. Ruwan wankin shinkafa na na'ana'ar da ke kan taga ne. Ruwan ɗaurayar kaya na goge ƙasa ne. Ban taɓa ɗaukar abin wahala ba, don ban san wani gida a layinmu da ba haka ake yi ba.

Ina shekara goma sha huɗu Abla mai koya mana tarihi ta ba mu aikin gida a kan Andalus, wato kudancin ƙasar Sifaniya. Ta ce kowa ta zaɓi wuri ɗaya ta yi rubutu a kansa. 'Yan ajinmu kusan duka fadar Garnaɗa suka ɗauka, sauran kuma babban masallacin Ƙurɗuba, don su ke fara fitowa da zarar an rubuta sunan a waya. Ni ba ni da sauri a komai. Na zauna da wayar Umma a bayan ƙofa, inda nake fakewa in ba na son a aike ni, ina ta jan hotuna ina wuce waɗanda kowa ya riga ya gani, har na iso wani da ko gyara shi ba a yi ba.

Wata siririyar hanya ce mai gangara tsakanin fararen gidaje. A tsakiyarta an jera duwatsu an yi 'yar kwata, faɗinta bai fi taƙi ɗaya ba, ruwa garai-garai yana gudu a ciki. Ba irin ruwan da ke malala a lungunmu ba ne in bututu ya fashe. Wannan ana ganin tsakuwar ƙasansa ɗaya bayan ɗaya. Akwai mutum biyu a hoton, wata mata da kwando da wani tsoho mai sanda, kuma a cikinsu ba mai kallon ruwan. Har kyanwar da ke kwance a bakin wata ƙofa baya ta juya masa. Na daɗe ina kallon bayan kyanwar nan.

Sunan garin Pampaneira. Na karanta cewa ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsun da ke samansa ce ke narkewa ta gangaro, mutanen da suka yi mata hanyoyi, ta ratsa gari ta wuce gonaki. Rufin gidajen shimfiɗaɗɗe ne kamar namu, sai dai kowanne da 'yar hasumiyar hayaƙi mai hula a ka. Suna saƙa darduma da ƙyallaye masu launi su rataye a bakin shago.

Na ɗauko wani littafi mai koren bango da ya rage mini daga bara na soma rubuta irin waɗannan garuruwa, ƙanana, waɗanda sai an wuce shafi da yawa ake samunsu. Akwai Setenil, inda mutane suka ga wani ƙaton dutse ya yi rumfa a bakin kogi, sai kawai suka gina bangon gaba suka sa ƙofa, dutsen ya zama rufi. Nakan yi tunanin yadda mace za ta kakkaɓe saƙar gizo-gizo a irin wannan ɗaki. Akwai Almonaster, can cikin itatuwa, mai wani ɗan tsohon masallaci a kan tudu, ginshiƙansa ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa domin daga tsofaffin gine-gine aka tsinto su. Amma aikin gidan a kan garin ruwa na yi shi. Abla ta ba ni maki mai kyau, sannan ta ɗaga takardar ta ce, "Duk faɗin Andalus ki rasa abin rubutawa sai kwata?" Aji ya fashe da dariya. Ban ɗago kai ba har aka buga ƙararrawa.

Goggo, yayar Babanmu, ita ta fitar da littafin nan daga gida. Ta zo aikin Hajji tun ba a haife ni ba, ta zauna, daga baya ta sami iƙama, wato takardar izinin zama, a hannun wasu masu hali a arewacin Jidda. Aikinta kula da tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Sitti, ta yi mata wanka, ta ba ta magani, ta tura kekenta. Ran Juma'a kaɗai take zuwa wurinmu. Ba ta karatu, gwiwarta ta hagu tana damunta, kuma "Uwata" take ce mini saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Wata Juma'a ta same ni a bayan ƙofa.

"Uwata, kullum kanki a duƙe. Aljanu ne a littafin nan?"

"Garuruwa ne, Goggo."

"Na ina?"

"Andalus."

Ta tafa hannu. "Ai can za a kai mu bana! Wai Madam, uwar ɗakina, ta gaji da wancan garin na bakin teku da suke zuwa hutu duk shekara. Ta ce duk inda ta juya sai ta ci karo da maƙwabciyarta ta Jidda da sabuwar jaka. Wurin da ba a sani ba take nema. Kawo nan."

Kafin in buɗe baki ta cusa littafin a jakarta, kusa da ƙullin goro.

Sati na zagayowa ta ce Madam na son ganina. Abin da na fi tunawa a gidan shi ne sanyin daɓen, yadda ya ratsa safata har tafin ƙafa, da kuma wani agogon bango da ya tsaya ba wanda ya lura. Madam ta sa tabarau tana juya shafukan da ɗan yatsa ɗaya. Da Larabci take magana, cikin sauri. "Masha Allah, ya binti, ina kika samo waɗannan?" Na ce a waya. Ban tabbata ta ji ni ba. Ta ɗauki hoton shafi uku: garin dutse, garin masallaci da garin ruwa. Haka Goggo ta raɗa musu, don ta ce harshenta ba zai karye a kan sunayen Turawa ba. Da za mu fito Madam ta dafa kafaɗata ta ce, "Watarana da ke za mu tafi, insha Allah."

A mota Goggo ta dube ni ta gefen ido. "Kada ki riƙe maganar nan. Haka take faɗa wa kowa, har mai gyaran famfo."

Na sani. A Jidda aka haife ni, sunana yana rataye da iƙamar Baba, ta Baba kuma tana hannun kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa. Fasfona yana cikin leda a ƙasan akwatin Umma, shafukansa farare tas. Iyakar tafiyata Makka, sai Ɗa'if sau ɗaya, kuma sanyin Ɗa'if ɗin nan shi ne duk sanyin da na sani wanda ba na na'ura ba. Duk da haka kwana biyu na yi ina jin nauyin hannun Madam a kafaɗata.

Sai na mayar da begena kan Goggo. In ni ba zan je ba, ga wadda za ta taka garuruwan da na zaɓa, ta tsaya a bakin ruwan nan, ta dawo ta zauna a kan tabarmarmu. Ita ma wannan ne shigarta jirgi na farko tun wanda ya kawo ta. Na yi ƙoƙarin koya mata ɗaukar hoto. Sau uku tana ɗaukar babban yatsanta, na huɗu ta ɗauki silin. Ta ture wayar ta ce, "Halas, ni bar ni da abin maganata." Abin da ta iya kenan, ta danna ta riƙe ta yi magana ta saki. Na shirya tambayoyi fiye da goma a raina: ko ruwan yana da ƙara, ko yara suna tsallaka shi ko taka shi suke yi, ko inuwar dutsen Setenil tana da wari irin na kogo. Ranar da ta zo sallama, ɗaki cike da mata, abin da ya iya fita daga bakina kawai shi ne, "Goggo, ki duba mini ruwan." Ta ce, "To, to," tana laluben carbinta a ƙarƙashin matashi.

Saƙonta na farko daga Garnaɗa ya zo, bayan La'asar. A wayar Umma yake shigowa, Umma kuma ba ta sauraron saƙo ita kaɗai. Ta ajiye wayar a tsakiyar tabarma ta ƙure murya.

"Salamu alaikum wa rahmatullah. Ina wuninku? Ina gajiya? Ya gida, ya yara, ya zafi?"

"Lafiya lau, Yaya, alhamdu lillahi," in ji Umma, tana amsa wa wayar kamar Goggo na zaune a gabanta.

"Ya ƙanena, ya aiki? Ku gaishe mini da Hajiya ta ƙasa, ku ce ya jikin nata. Ku gaida mai baƙala, kantin nan na lungu, ku ce na tafi ban yi masa sallama ba, ya yi haƙuri. In kun je sunan nan na unguwar Sa'alaba ku gaida mai jego, ku gaida uwarta, ku gaida mai kitso, ku ce ban manta da ita ba..."

"Za su ji, za su ji."

Ina zaune a gefe ina kallon ɗan layin da ke tafiya a fuskar wayar. Ya wuce rabi ana gaisuwa. Ya kusa ƙarshe ana gaisuwa. Da ya rage kamar faɗin farce sai Goggo ta ce, "Garin dai lafiya, akwai iska. To ga Sitti na kira, sai an jima."

Umma ta ce, "Allah sarki Yaya, ba ta manta da kowa ba." Ta tashi ta sauka ƙasa kai wa Hajiya gaisuwarta tun da zafinta.

Haka aka yi ta yi. Kullum saƙo, kullum jerin mutanen nan, wani lokaci a ƙara da waɗanda aka manta jiya. Ban ga laifinta ba. A wurinmu wanda ya yi tafiya bai aiko an gaida mutum da sunansa ba, kamar ya ce ya shafe shi ne. Matan da suka bar garuruwansu shekara da shekaru, waɗanda rusau ya watsa su daga Karantina zuwa unguwanni daban-daban, da wannan gaisuwar suke riƙe da juna. Amma ni ina ƙirga kwanaki.

Ran da suka je garin dutse na kasa cin abincin rana. Saƙon ya zo, aka gaida kowa, sannan ta ce, "Yau mun je garin nan na Uwata. Ni dai ina mota da Sitti, an ce kekenta ba zai hau ba. Sun ce akwai dutse. An sayo mana wani burodi mai tauri, na jiƙa mata da shayi."

Na shiga banɗaki na rufe. 'Yan ajinmu suna cewa in za su yi kuka famfo suke buɗewa don kada a ji. A gidanmu ba a yin haka, sai na cusa bakin mayafina a baki.

Garin masallaci ma ba a je ba. Mijin Madam ya duba hanya ya ce ta yi nisa, ba zai kwashe yini yana tuƙi don ganin masallacin da bai kai na unguwarsu girma ba. Saura garin ruwa. A can sun kama gida na kwana biyu saboda an ce iskar wurin za ta yi wa Sitti kyau, daga nan sai filin jirgi.

Saƙon ranar farko a garin ruwa ya fi kowanne tsawo, don an yi rasuwa a Sa'alaba, sai da ta yi wa kowa ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta ce, "Nan kam akwai sanyi, har safa na sa." Shi ke nan. Amma da aka watse na ɗauki wayar na manna a kunne na sake saurara. Can ƙarƙashin muryarta akwai wani sauti siriri da ba ya yankewa. Na saurara sau shida. Zai iya zama ruwa. Zai iya zama iska a taga, ko butar shayi a kan wuta. Na kasa tantancewa, kuma kwana ɗaya ya rage.

Ban taɓa aika wa Goggo saƙo ni kaɗai ba. In ana zagayawa da waya, "Ina wuni, Goggo" nake cewa in miƙa wa na kusa. Washegari bayan Azahar, Umma ta kishingiɗa, na zare wayar na hau saman bene. Rana ta gasa simintin har ina ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, na raɓe a 'yar inuwar tanki. Na danna na soma: sallama, ina wuni, ina gajiya, ya Sitti, ya gwiwa, ya sanyi. Kafin in gama gaisuwar, ƙarfin halin da na tara ya ƙare, na ji muryata ta ce "to sai an jima". Na goge. Na sake, haka. Sau bakwai. Sai na ga in dai na fara da gaisuwa ba zan taɓa isa ga maganar ba, kamar yadda ita ma ba ta isa. Na takwas na rufe ido na ce da sauri:

"Goggo, don Allah kada ki gaida kowa. Ki fita waje ki sa wayar kusa da ruwan, ki yi shiru."

Na saki yatsa, ya tafi. Sai a sannan na ji abin da na faɗa.

Amsa ba ta jima ba. Umma ta farka, Hajiya ta ƙasa ta hawo shan shayi, aka ajiye waya a tsakiyar tabarma.

"Salamu alaikum. Wai wa ya turo mini saƙo ba sallama ba gaisuwa? Ni ce sa'arta? 'Kada ki gaida kowa'! La ilaha illallahu. Don ina ce mata Uwata shi ne ta ɗauka da gaske ita ta haife ni? Matar ƙanena, haka kuke renon yara yanzu, Larabci a baki, kai ba komai? In bar tsohuwar mutane in fita titi in tsuguna a bakin kwata kamar mahaukaciya?"

Ko a cikin faɗan sai da ta ce a gaida Hajiya ta ƙasa. Hajiya ta amsa a hankali, tana kallon cikin kofinta.

Umma ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi duka ciwo. "Yayar ubanki guda," ta ce. "A wayata." Ta miƙo mini wayar ta tsaya a kaina. Na yi sallama, na yi gaisuwa cikakkiya, na tambayi Sitti da gwiwa da sanyi, na ce na yi kuskure ta yafe mini. Ban sake ambaton ruwa ba. Da na gama Umma ta karɓi wayarta ta sa a aljihun riga, inda ba ta saba sa ta ba.

Washegari ita ce ranar da za su bar garin. Na wanke kwanuka, na goge ƙasa ba a sa ni ba. Na riga na gaya wa kaina halas, an gama, garuruwa uku sun wuce kamar ban taɓa rubuta su ba. Wajen La'asar Umma na suya a kicin, hannunta duk ƙullu, wayar ta yi ƙara. Ta ce, "Ke, zo ciro ki kunna mana, Yaya ce." Na ciro daga aljihunta na koma falo na danna.

Ba sallama. Na ɗauka saƙon ya lalace. Sai na ji numfashi, mai nauyi, da ƙarar silifa a kan dutse, taku ɗaya da ƙarfi ɗaya a hankali, yadda Goggo ke hawa benenmu. Aka daɗe ana hawa. Wani kare ya yi haushi daga nesa. Na ji ta ce "wash" ƙasa-ƙasa, mayafi ya goga a jikin wayar, sannan ruwa.

Bai kai ƙarar da na zata ba. A raina na ba shi murya irin ta kogi. Ashe ƙaramin sauti ne, mai sauri, yana ɗan tuntuɓe a wuri ɗaya kamar akwai tsakuwar da ta fi sauran tsayi, ya wuce, ya sake tuntuɓe a wurin. A bayansa akwai tsuntsu ɗaya. Goggo ba ta ce uffan ba. Ina jin yadda take danne numfashinta don kada ya rufe shi.

"Wa ya bar famfo a buɗe?" Umma ta fito da gudu, ta leƙa banɗaki, ta dawo tana zare ido. Ta ga wayar a hannuna, ta ga fuskata. Ta tsaya da ludayi a hannu har saƙon ya ƙare.

"Shi ne ruwan?"

Na gyaɗa kai.

"Haka yake zuba? Duk yini?"

"Ba ya tsayawa, Umma."

"Ba mai tarewa?"

"Gonaki yake tafiya, a ƙasan garin."

Mai yana ƙauri a kicin, ita da ba ta taɓa barin mai ya ƙone ba. Ta ce, "Sake kunnawa."

Goggo ta zo mana Juma'ar da ta biyo bayan dawowarsu, gwiwarta naɗe da bandeji, sai da Baba ya riƙe ta a bene. Na durƙusa na gaishe ta, na ja gaisuwar har ta ce, "Ya isa, ya isa, kada ki cinye mana yinin." Ta raba tsaraba: 'yar darduma mai ratsin ja da shuɗi ta Umma, alewa ta yara, man shafawa na Hajiya ta ƙasa. Ni ba ta ba ni komai ba. Sai da aka ci abinci, mutane suka ragu, ta ce in zo in matsa mata ƙafa.

"Gidan da suka kama a can ƙasan gari yake," ta ce, idonta a rufe. "Ruwan naki kuma yana sama. Ba ki rubuta wannan a littafinki ba, ko? Garin gaba ɗaya tsani ne. Na jira Sitti ta yi barcin rana, na ce wa 'yar Madam ta zauna da ita, zan je in dawo. Ta ce ina za ki, na ce aike."

Ta ce da ta gama riƙe wayar sai ta kasa miƙewa. Tana nan tsugune wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya ta leƙo daga ƙofa, ta koma ciki, ta fito da kujera.

"Na gaishe ta da Hausa, ta amsa da nata. Na nuna gwiwata, ita ma ta nuna tata. Muka zauna. Wallahi Uwata, da yamma haka suke fito da kujeru ƙofar gida, kamar mu a Karantina kafin a rushe. Na ce ashe akwai inda aka bar wa tsofaffi ƙofar gidansu."

Sannan ta jawo jakarta.

"Akwai wani bututu a bango, a dandalinsu, nan suke sha. Na yi alwala a wurin, tsohuwar na kallo. Sai na ce yarinyar nan ruwa ta ce. Wanda ya je Makka ai da Zamzam yake komawa gida. Na juye 'yar gorar da ke jakata na cika miki."

Ta ciro gorar, 'yar ƙarama ta roba, ta lotse a gefe ɗaya. Babu komai a ciki.

"Ban sa ta a akwati ba, don na ga yadda suke jifa da kaya. Na riƙe ta a jakar hannu, a jikina. A filin jirgi wata mai kaki ta zaro ta, ta nuna mini kwandon shara. Madam ta ce ba a shiga da ruwa, ki jefar, yalla, ana jiranmu. Na ce wannan ba na jefarwa ba ne. Na ce a gaya mata tsaraba ce. Aka gaya mata, ta girgiza kai. Layi ya tsaya, Turawa na ta kallona." Ta buɗe ido ta dube ni. "Sai na kafa kai na shanye. A tsaye, ko bisimilla ban tuna na yi ba. Na ce gara ya zo Jidda a cikina da a zuba shi a shara."

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa gorar nake kallo.

"Yaya yake, Goggo?"

"Ruwa ne dai." Ta ɗan yi tunani. "Na filin jirgin ya riga ya ɗumama. Amma a garin, da na kurkure baki, sai da na ji shi har cikin haƙorin nan na baya. Ungo, riƙe abarki."

Na kai gorar bayan ƙofa na ɗaga ta wajen haske. Akwai ɗigo uku ko huɗu da suka maƙale a lungun gindinta. Na buɗe na shinshina, warin jakar Goggo ne, kanumfari da man zafi. Na mayar da murfin na ɗaure tam, na ajiye ta a kan taga. Da rana in zafi ya taso ɗigon sukan ɓace, cikin gorar ya yi hazo har wuya. Da safe kafin in tafi makaranta nakan tarar sun gangaro, sun sake taruwa a ƙasa.